Yawancin faci 14 na gas (asembilar GNU) sun ƙi hawa kan binutils 2.42, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Abba Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da cikin binutils, wato kunshin kayan haɗa manhaja na GNU mai ɗauke da gas (asembila, ana kiransa da as), ld (linka) da objdump. A wurin aikinmu muna amfani da wani cip na RISC-V mai bit 32, kamfanin da ya ƙera shi ya ƙara masa wasu umarnai na ƙashin kansa. Tun farko sun ba mu kayan haɗinsu, GCC 10 da binutils 2.35, tare da faci 14, wato fayilolin gyaran lambar tushe, da ake ɗorawa kan binutils kafin a gina shi. Wanda ya kafa aikin ya bar wurin, ni aka miƙa wa. Yau na sauko da 2.42 na gwada ɗora facin ɗaya bayan ɗaya. Uku ne kawai suka hau lafiya, sauran fayilolin .rej, masu ɗauke da abin da ya ƙi hawa, suka zubar mini ta ko'ina. Sunayen facin ma ba su cewa komai, 0001.patch ne har zuwa 0014.patch, babu bayani ko layi ɗaya a kansu. Ta ina ake kama irin wannan?

Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, me ya kore ka daga 2.35? Idan yana haɗa muku aiki, ka kulle shi a Docker ka rubuta lambar sigar a bango ka kwanta. OpenBSD har yau akwai binutils 2.17 a cikin bishiyarsu, suna ta yi masa gyara da hannu. FreeBSD sun zauna kan 2.17.50 kusan shekara goma saboda ba sa son GPLv3, sai da LLVM ya isa ya ɗauki nauyin sannan suka cire shi. Tsufa ba laifi ba ne a wannan harkar.

Abba Ƙofar Mata:
Da so samu ne Oga Ɗanjuma da ban taɓa shi ba. Sabon samfurin cip ɗin yana da Zba da Zbb, ƙarin umarnai na ƙa'idar RISC-V, kuma 2.35 bai san su ba, ya fito a 2020 kafin a tabbatar da su. Muna son kayan haɗi ɗaya da zai yi wa tsohon allo da sabo aiki.

Ɗanjuma:
To wannan dalili ne. Amma ka lura, misalan da na kawo suna da mutanen da aikinsu ke nan. Kai kaɗai ne a naka.

Malam Sanusi:
Abba, ka ajiye 2.42 tukuna. Kar ka fara da ƙoƙarin tilasta wa faci hawa inda ba a ɗinka shi ba. Ka ɗauko ma'ajiyar binutils-gdb daga sourceware, ka buɗe reshe daga alamar binutils-2_35, ko 2_35_1 ko 2_35_2 idan a kan su kamfanin ya yi aiki, ka duba abin da `as --version` nasu yake faɗa. A can facin za su hau sumul tunda gidansu ne. Kowane faci ka mayar da shi komit guda, ka karanta shi, ka rubuta masa bayani da bakinka: me yake yi, wane fayil ya taɓa, don me.

Idan ka gama za ka ga sun rabu kashi-kashi da kansu. Wasu gyara ne da kamfanin ya kwaso daga sigar gaba ya dawo da su baya, waɗannan sun riga sun shiga 2.42, shi ya sa suke ƙin hawa, don abin da suke son sakawa yana nan. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce `patch -R --dry-run` a kan sabuwar sigar. Idan ya yarda ya cire, to yana ciki. Wani lokacin ba zai yarda ba saboda an sake taɓa wurin daga baya, sai ka nemi layin da `git log -S`. Wasu kuma na gini ne kawai, Makefile ko configure. Ainihin naku, wato umarnan cip ɗin, ina kyautata zaton ba za su wuce biyu ko uku ba. Su ne za ka ɗauka da `git rebase --onto`. Ka kunna rerere kafin ka fara, don duk karon gyare-gyare da ka warware git ya riƙe maka yadda ka yi, binutils sau biyu yake fitowa a shekara, farkon shekara da tsakiyarta, za ka sake bin wannan hanyar.

Isma'il B.:
Malam, ba na musu da kai a kan git, amma ba kowa ke buƙatar janyo tarihin binutils-gdb gaba ɗaya ba, ma'ajiyar nan nauyi gare ta, ga datar da za ta ci. Debian da quilt suke riƙe facin yawancin kunshinsu, fayil ɗin series da `quilt push` da `quilt refresh`, shi ke nan. Buildroot ma babban fayil ne na faci ga kowace siga a ƙarƙashin package/binutils, haka crosstool-NG. Ba wanda ya mutu.

Malam Sanusi:
Isma'il, ajiya daban, aiki daban. A ƙarshe Abba zai fitar da su da `git format-patch` ya zuba a babban fayil kamar yadda ka ce, Buildroot ɗin ma haka suke so a kawo musu. Amma ranar ƙaura quilt ba ya da abin da zai gaya maka sai "ya ƙi hawa". Git yana da kakan fayil ɗin, yana haɗa uku, yana nuna maka wane komit ne ya canza wurin da dalilinsa. Bayan ka gama kuma `git range-diff` zai jera maka tsohon jerin da sabo ka ga abin da hannunka ya canza. Saukewa sau ɗaya ce, ya je inda intanet ke da ƙarfi.

Injiniya Hadiza:
Ni abin da zan ƙara a kan maganar bayani shi ne ka ari ɗabi'ar Yocto ko da ba da shi kake aiki ba. Kowane faci a can yana ɗauke da layin Upstream-Status: Backport, ko Submitted, ko Pending, ko Inappropriate tare da dalili. Da wanda ya gabace ka ya rubuta wannan layi ɗaya, da yau ba ka buɗe wannan zaren ba. Debian ma suna da irinsa, DEP-3.

Sannan kar ka yarda da facin da ya hau da fuzz, wato ba tare da layukan da ke kewaye da gyaran sun dace tsaf ba. Ukun nan da ka ce sun hau lafiya, ka sake gwada su da `-F0`. Idan ba ka ce komai ba, patch yana iya kau da kai daga layi biyu na mahallin ya manna gyaran a inda ya ga ya yi kama. A cikin teburin umarnai kuwa layuka duk kama suke da juna. dpkg-source ba ya karɓar fuzz ko kaɗan a tsarin 3.0 na quilt, Yocto kuma yana yi maka ƙorafi a kai. Ba tsaurin banza ba ne.

Abba Ƙofar Mata:
Na bi shawarar Malam. Ga yadda suka kasu: 7 daga gaba aka kwaso su, duk suna cikin 2.42, na zubar. 2 na gini ne, ɗaya ma ChangeLog kawai ya taɓa. 1 yana canza -march na asali. 1 yana ƙara bayani a c-riscv.texi. Sauran 3 su ne manyan, biyu na umarnai, ɗaya ya shiga cikin bfd, laburaren da as da ld ke karanta da rubuta fayilolin .o da shi, ban gama fahimtarsa ba. Kafin in kai ga su na gina 2.42 tsurarsa in gwada fayil ɗin farawa, sai ga wannan:

`Error: unrecognized opcode 'csrr t0,mcause', extension 'zicsr' required`

csrr fa! Wannan ba na kamfani ba ne.

Isma'il B.:
Hahaha barka da zuwa. Kowa ya sha wannan. Daga 2.38, wanda ya fito a Fabrairun 2022, gas ya koma bin ƙa'idar 20191213 a matsayin ta asali. A cikinta an cire umarnan CSR da fence.i daga I, wato umarnan tushe, an mai da su Zicsr da Zifencei. Kanel ɗin Linux da U-Boot duk sun karye a lokacin sai da aka gyara Makefile ɗinsu. Ka rubuta `-march=rv32imac_zicsr_zifencei` ka wuce.

Ɗanjuma:
Ko kuma ya ƙara faci ɗan ƙarami ya mayar da tsohon hali, kar ya bi Makefile ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa.

Malam Sanusi:
A'a Ɗanjuma. Yaro yana ƙoƙarin sauke kaya kana ɗora masa na 15. Idan ma tsohon halin ake so akwai `-misa-spec=2.2`, akwai `--with-isa-spec=2.2` wajen configure, ba sai an taɓa lambar tushe ba. Wancan facin da ke canza -march ma ya zubar da shi, wannan aikin configure ne ko Makefile. Duk abin da zaɓi zai iya yi kar a yi shi da faci.

Na texi kuma ka yi hattara da shi idan daga tarball kuke gini. Da zarar ka taɓa fayil ɗin texi, make zai ga ya fi as.info sabunta, ya nemi makeinfo, in babu shi a injin ginin sai aiki ya tsaya a kan takardar da ba wanda zai karanta. Irin wannan ne da configure da Makefile.in: binutils autoconf 2.69 da automake 1.15.1 yake so daidai, idan ka sake haifar da su da wata siga za ka samu faci mai layi dubbai wanda ba komai a cikinsa.

Moussa Maradi:
Salamu alaikum, na iske zance ya yi nisa. Ni tambaya ɗaya gare ni: mi ya sa sai an taɓa gas? Umarni nawa ne duka, Abba? In dai ba su da yawa, gas yana da `.insn` tun da daɗewa. Ka ba shi siffa da lambobi ya fitar maka da umarnin:

`asm volatile(".insn r 0x0b, 0, 1, %0, %1, %2" : "=r"(x) : "r"(a), "r"(b));`

0x0b ɗin shi ne custom-0, akwai 0x2b da 0x5b da 0x7b, filin da aka ware ma kamfanoni. GCC ne zai zaɓa maka rajista kamar kullum. Ka zuba su duka cikin fayil ɗin kai guda, kowane umarni da sunansa, shi ke nan ka rabu da faci, duk binutils da ya fito naka ne, har na LLVM ya san `.insn`. Kanel ɗin Linux kansa haka yake yi, ku duba insn-def.h cikin arch/riscv, don ba su iya tilasta ma kowa ya sabunta asembila.

Abba Ƙofar Mata:
Umarni 11 ne Malam Moussa. 9 siffar R ce tsaf, biyu suna da lamba a ciki.

Ɗanjuma:
Ranar da allo ya maƙale kana cikin GDB da tsakar dare, za ka so ganin sunan umarni, ba lamba tsura ba. objdump ba zai san su ba.

Moussa Maradi:
Gaskiya ne, wannan shi ne kuɗin da za ka biya. Amma ka auna. Rashin suna a objdump ido kawai yake wahalarwa. Kuma ko ka yi wa binutils faci, GDB bai gani ba, don tarball ɗinsa yana da nasa kwafin opcodes da bfd, sai ka sake ɗora facin a can, a kan wata siga dabam. Wahala biyu ke nan. In ya matsa ma sai ya riƙe faci a gefen opcodes kaɗai don karatu, wanda ko ya ƙi hawa wata rana ginin kaya bai tsaya ba.

Injiniya Hadiza:
Ina tare da Moussa, amma ko wace hanya aka bi akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma shi ne ya fi damuna. Ta yaya Abba zai san cewa bait ɗin da sabon gas ke fitarwa su ne waɗanda cip ɗin yake jira?

Mutane suna haɗa fayil da as, su buɗe da objdump, su ga sunan umarnin ya dawo daidai, su ce an gama. Wannan ba gwaji ba ne. Su biyun teburi ɗaya suke karantawa, riscv_opcodes a cikin opcodes/riscv-opc.c, da MATCH da MASK na include/opcode/riscv-opc.h. Idan bit ɗaya ya goce a MATCH wajen warware karo, as zai rubuta kuskure, objdump ya karanta kuskuren ya ce daidai ne. Shaida da mai laifi mutum ɗaya ne.

Abin da za ka yi tun tsohon kayan yana hannunka: ka rubuta fayil ɗin .s mai ɗauke da umarnan 11, kowanne da rajista daban-daban, x0 da x31 da na tsakiya, masu lamba kuma ka ba su mafi ƙanƙanta da mafi girma da mai ragi. Ka sa `.option norvc` da `.option norelax` a sama don kar wani abu ya canza girma. Ka haɗa da tsohon as, ka ciro .text da `objcopy -O binary -j .text`, ka ajiye wannan fayil a ma'ajiyarku kamar takardar fili. Duk sabon gini, ko da faci ko da `.insn`, sai ya fitar da irinsa bait da bait, `cmp` ne alƙali. Ka kuma ɗauki biyu ko uku ka lissafa su da hannu daga littafin cip ɗin, don tsohon as ɗin ma ba wahayi ba ne.

Idan ka zaɓi riƙe faci, ka mai da wannan ya zama gwaji na gaske a gas/testsuite/gas/riscv, fayil ɗin .s da na .d mai lambobin hex a rubuce, ya riƙa gudana da `make check-gas`. Ka gudanar da shi kafin faci da bayan faci ka kwatanta gas.sum, don ka ga ko naka ya karya na wasu.

Malam Sanusi:
Hadiza ta gama magana. In ƙara abu biyu da ke cizo shiru a teburin nan. Layukan da suke da suna ɗaya dole su zauna jere, gas yana samun na farko ne ya bi na ƙasa har sunan ya canza, idan wani layi ya raba su na bayan sun ɓace. Na biyu, haruffan da ke bayyana siffar abin da umarni ke karɓa. Kamfani zai ɗauki harafin da ba kowa a 2.35 ya ba shi ma'ana a tc-riscv.c da riscv-dis.c, bayan shekara huɗu masu binutils sun ba harafin wata ma'ana. Yanzu na kamfanoni a ƙarƙashin X ake zuba su saboda wannan.

Abba Ƙofar Mata:
Na yi gwajin Injiniya, `.insn` ya fitar da duka 11 daidai da tsohon as, cmp bai ce uffan ba. Faci biyun nan sun tafi. Saura na bfd. Na warware karonsa da hannu, gini ya yi nisa, sai ya faɗi a readelf.c da `duplicate case value`. Na duba include/elf/riscv.h. Kamfanin ya ƙara wani relocation nasa, wato alamar da as ke bar wa ld don ya cike adireshi, ya ba shi lamba 60. A 2.42 kuma 60 ɗin R_RISCV_SET_ULEB128 ne.

Isma'il B.:
Innalillahi. To ka canza masa lamba mana.

Malam Sanusi:
Tsaya Isma'il. Abba, ka gode wa Allah da readelf ya faɗi, don shi ne yake mai da jerin nan gaba ɗaya switch. Jerin da kansa enum ne, kuma C ba ta hana suna biyu su ɗauki lamba ɗaya. Ga abin da ya faru: lokacin 2.35 lambobin da aka raba ba su kai 60 ba, sai kamfanin ya ga fili ya kafa rumfa. Alhali psABI, takardar ƙa'idar da ke raba waɗannan lambobi, ta ware 192 zuwa 255 don irin wannan. Daga baya aka ba SET_ULEB128 lamba 60, SUB_ULEB128 lamba 61, suka shiga binutils a 2.41. gas yana fitar da su idan ya ga `.uleb128` na tazarar lakabi biyu, abin da ake samu a bayanan DWARF, don relaxation, wato gajarta umarnai da ld ke yi, na iya matse tazarar.

Canza lamba abu ne mai sauƙi idan duk abin da kuke haɗawa daga lambar tushe yake fitowa. Tambayar ita ce: akwai laburaren .a da kamfanin ya ba ku a haɗe, ba tare da tushe ba?

Abba Ƙofar Mata:
Akwai guda biyu. Ɗaya na rediyo, ɗaya na lissafi.

Malam Sanusi:
To nan gizo ke saƙar. Lamba 60 tana rubuce a cikinsu. Idan ka ba sabon ld waɗannan fayiloli ba tare da faci ba, zai ɗauka ULEB128 ne, ko ya yi ƙorafi ko ya rubuta abin da ba shi ba a tsakiyar umarni. Idan kuma ka ƙwace 60 ka ba kamfanin, ka karya na kowa. `.insn` ba ya magani a nan, wannan tsakanin as da ld ne.

Kuma ka sake duba yadda ka warware howto_table a bfd/elfxx-riscv.c. Da lambar relocation ake shiga teburin kai tsaye, matsayi na 60 shi ne na 60. Ka cusa layi ɗaya a tsakiya, duk na ƙasa sun matsa. Idan facin ya taɓa reloc.c, bfd-in2.h da libbfd.h daga shi ake haifar da su da `make headers`, kar ka gyara su da hannu.

Fara da `readelf -r` na tsohon kayan a kan laburaren biyu, ka ƙirga wurin da relocation ɗin ya fito. Wataƙila ma ɗaya ne kawai yake amfani da shi.

Moussa Maradi:
In kaɗan ne akwai dabara. A ELF32 nau'in relocation bait ɗaya ne, na ƙasan r_info. Ɗan rubutun Python zai buɗe kowane .o, ya mai da 60 zuwa 192, a sake ɗaure .a ɗin. Daga nan facin bfd ya zauna a 192 inda ba mai zuwa ya tashe shi. Sau ɗaya za a yi.

Injiniya Hadiza:
Dabarar za ta yi aiki, tunda tsohon as ne ya haɗa su babu ULEB128 na gaske a ciki da za a rikita. Amma a karanta lasisin laburaren tukuna, da yawa suna hana a taɓa su, na rediyo kuma wani lokaci da shi aka yi wa na'urar gwajin izini. Wannan ba hukuncin Abba ba ne shi kaɗai, ya kai wa shugabansa a rubuce. Kuma 192 ba zai shiga howto_table kai tsaye ba sai an yi masa hanya ta daban a inda ake neman howto, in ba haka ba sai an cika gurbi sama da ɗari da EMPTY_HOWTO.

Ɗanjuma:
Kun ga abin da nake faɗa tun farko. Faci kan faci kamar tayar amalanke. Ni da zan haɗa tsohon allo da tsohon kaya, sabon allo da sabon kaya, in huta.

Abba Ƙofar Mata:
Sabon allon ma laburaren rediyon nan yake amfani da shi Oga.

Ɗanjuma:
To na yi shiru.

Isma'il B.:
Me zai hana a tura abin gaba ɗaya wa masu binutils su karɓa, kowa ya huta? Ai suna karɓar na kamfanoni. Na T-Head, su XTheadBa da 'yan uwansa, sun shiga a 2.40 a farkon 2023, na Ventana ma haka. Har vector ɗinsu na 0.7.1, wanda ke cikin C906 na Allwinner D1, da mutane suka daɗe sai da kayan kamfanin kaɗai suke iya haɗa shi, ya shiga 2.42 da sunan XTheadVector.

Malam Sanusi:
Sun shiga, amma dubi yadda suka shiga. Akwai takardar bayani a fili da kowa zai iya karantawa, sunan ya fara da X da sunan kamfani, kowane umarni yana da gaba irin `th.` da aka yi wa rajista a ma'ajiyar riscv-toolchain-conventions, ga gwaje-gwaje, ga mutanen da za su amsa idan abu ya lalace. Abba ba shi ya rubuta facin ba, ba zai iya sa hannu a kan haƙƙin abin da ba nasa ba, littafin cip ɗin ma wataƙila da yarjejeniyar sirri aka ba su. Relocation mai lamba 60 kuwa ba wanda zai duba shi sau biyu. Wannan aikin kamfanin ne. Abin da ke hannun Abba shi ne ya rubuta musu, ya nuna musu karon da lambobi, ya nemi laburaren da aka sake haɗawa ba tare da wannan relocation ba, ko da lamba a cikin filin da aka ware. Kuna sayen cip a wurinsu, kuna da bakin magana.

Wani abu kuma tunda an zo nan. binutils GPLv3 ne. Idan kuka ba wani abokin ciniki ko ɗan kwangila as ko ld ɗin da kuka yi wa faci, sai kun ba shi tushen da facin. Abin da kuka haɗa da su, wato manhajar cikin allon, wannan bai shafe ta ba.

Abba Ƙofar Mata:
Ga sakamakon readelf. Na lissafi babu ko ɗaya, tsaf yake, na haɗa shi da 2.42 marar faci ya wuce. Gargaɗin `LOAD segment with RWX permissions` kawai ld ya yi.

Isma'il B.:
Wannan tun 2.39 yake, rubutun linka ɗinku ne ya zuba umarnai da bayanai a sashe ɗaya. Ba shi da alaƙa da faci, ka gyara shi daga baya.

Abba Ƙofar Mata:
To. Na rediyo kuma relocation ɗin ya fito a fayil ɗin .o guda biyu, duk a kan umarni ɗaya, wanda yake ɗauko bayani ta rajistar gp. Na rubuta wa kamfanin, na kuma tura wa shugabana maganar lasisi. Kafin su amsa zan gwada hanyar Malam Moussa a kan kwafi, a injina kawai.

Injiniya Hadiza:
Idan ka gwada, ka haɗa manhaja ɗaya sau biyu, tsohon ld da laburaren asali, sabon ld da wanda aka canza, daga fayilolin .o iri ɗaya, ka sa `--no-relax` a duka biyun. Adireshi na iya ɗan bambanta, don haka kar ka dogara da cmp a nan. Ka ciro wuraren da umarnin yake, ka lissafa tazarar daga `__global_pointer$` zuwa alamar da hannu, ka ga ko ita ce a cikin bit ɗin. Ka turo mana layukan readelf ɗin da hex na umarni biyu ko uku, da kuma sashen facin da ke cikin perform_relocation, ina son in ga ko yana duba cikar lamba ko yanke ta kawai yake yi.